Shingen jirgin ruwan kwali: abin da zare da gam suke koya mana game da ƙanƙanta abu

Idan ka taso a Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, ba sai an yi maka bayanin motar kara ba. Da zarar an gama girbin dawa, yara za su zaɓi kara mai kyau, su ɓare ɓawonsa sili-sili, su yanka totuwar guntu-guntu, su riƙa soka ɓawon cikin totuwa har sai ka ga tirela ta fito da tayoyinta da madubinta. Wanda ya ƙware ma har da tsanin hawa bodi yake yi mata. Kuma duk yaron da ya taɓa yin ta ya san cewa gangar jikin motar ba ta da wuya. Inda ake shan wahala shi ne ƙananan kayan nan sirara, waɗanda kana taɓa su suke karyewa.

A ƙasashen Turai akwai manya da suke irin wannan aiki, sai dai su da kwali suke yi, kuma jiragen ruwa suka fi ƙerawa. Kamfanin Schreiber na garin Esslingen a Jamus ya fara buga takardun yankawa a liƙa tun ƙarni na 19. A Poland akwai mujallar Mały Modelarz, wadda ta fara fitowa a 1957, kowace fitowa ɗauke da zanen jirgi ko mota da za ka yanka ka haɗa. Masu wannan sana'a suna iya yin watanni a kan jirgi ɗaya, kuma ɗaya daga cikin sassan da suka fi ba su ciwon kai shi ne shingen ƙarfen nan da yake zagaye bakin jirgi don kada mutum ya faɗa ruwa.

Me ya sa kwalin da ya yi gangar jirgi gaba ɗaya yake kasa yin ɗan shinge? Amsar ta shafi lissafi da kimiyyar ƙarfin kaya, kuma za ka iya gwada ta a gida da zaren ɗinki da gam da 'yan ƙusoshi.

Shingen gaske tukuna

Kafin ka kwaikwayi abu, sai ka san shi. Shingen babban jirgin ruwa ba yadda maƙeri ya ga dama ake yin sa ba. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan lodin jiragen ruwa da aka sa wa hannu a Landan a 1966, kuma ita da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya sun tsara awon shingen. Tsayinsa daga daɓen jirgi kada ya gaza mita 1. Tazarar da ke ƙarƙashin sandar kwance ta ƙasa kada ta wuce santimita 23. Sauran sandunan kwance kada tsakaninsu ya wuce santimita 38. Sandunan tsaye kuma ana kafa su kusan kowace mita 1.5.

Haɗa 23 da 38 da 38, za ka samu 99. Ka ga dalilin da ya sa galibin shingen jirgi yake da sandunan kwance guda uku. Tazarar ƙasa ta fi matsewa ne saboda idan igiyar ruwa ta kayar da mutum, a kwance yake sulalewa, to kada ya samu hanyar wucewa ta ƙasa. An kuma bar shingen a buɗe, ba a yi shi bango ba, domin ruwan da ya hau jirgi ya samu hanyar komawa teku nan take.

Kwale-kwalen masuntan Tiga ba shi da wannan shinge, kuma ba ya bukatarsa, tunda a zaune ake tafiya a cikinsa, nauyin mutane yana ƙasa kusa da ruwa. Shinge na jirgin da ake tafiya a tsaye a kansa ne, a daɓe mai santsi, mitoci da yawa sama da ruwa.

Raba komai da 200

Masu jirgin kwali suna aiki da ma'aunin ragi. Wanda aka fi amfani da shi a Poland shi ne 1:200, a Jamus kuma 1:250. Ma'anar 1:200 ita ce duk tsawon da ka auna a jirgin gaske, ka raba shi da 200.

Don ka ji girman ragin a jikinka, ɗauki madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Tsawon bangonta ya kai kusan kilomita 6, tsayinsa kusan mita 48. A ma'aunin 1:200 bangon zai zama mita 30 a tsawo, amma tsayinsa santimita 24 kacal, bai kai rular 'yan makaranta ba. Jirgin Titanic mai tsawon mita 269 zai koma mita 1 da santimita 35, ya zauna a kan tebur.

To, yanzu shinge. Tsayin mita 1 ya zama milimita 5. Tazarar sandunan tsaye ta zama milimita 7.5. Tazarar ƙasa ta zama milimita 1.15, sauran biyun kuma milimita 1.9 kowacce. Idan kaurin bututun sama santimita 4 ne, ya koma milimita 0.2. Sanda mai kaurin santimita 2 ta koma milimita 0.1, wato kaurin takardar da ake buga hoto ko wasiƙa a kanta a shagon kwamfuta, ko gashin kai mai kauri.

Yawansa ma abin dubawa ne. Jirgi mai tsawon mita 100 zai zama santimita 50 a hannunka. Shingen da zai zagaye shi ya haura mita 200 a zahiri, wato sandunan tsaye sama da 130. Kowacce tana haɗuwa da sandunan kwance uku. Mahaɗa wajen 400 ke nan, kowacce ba ta kai kan allura ba.

Dalilin da ya sa kwali yake gazawa

Abin da zai fara zo maka a rai shi ne ka zana shingen a takarda ka huda tagogin da reza. Gwada za ka ga abin da zai faru: sandunan za su riƙa tsinkewa tun kafin ka gama.

Takarda ba abu ɗaya dunƙulalle ba ce. Tabarma ce ta ƙananan zaruruwan itace da suka hau kan juna suka manne. Tsawon kowane zare bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan takardar tana da faɗi, dubban zaruruwa ne suke riƙe da juna. Amma idan ka yanko siririn sili mai faɗin milimita 0.2, duk zaren da ya gitta ka datse shi, saura 'yan tsirarun da suka miƙe tare da silin. Kamar ka yanko siririn yanki daga tabarmar kaba ne, warwarewa zai yi.

Sannan zaruruwan ba su bazu daidai ta kowace fuska ba. A masana'anta takarda tana gudu ne a kan inji, shi ya sa yawancin zaruruwan suke kwanciya ta inda injin ya nufa. Ɗauki tsohuwar jarida ka yaga ta daga sama zuwa ƙasa, sannan ka yaga ta daga gefe. Ta fuska ɗaya yagar za ta tafi sak, ta ɗaya fuskar kuma ta karkace. Shinge yana da sandunan tsaye da na kwance, don haka ko yaya ka juya takardar, dole ɗayan ya faɗa a fuskar da ba ta da ƙarfi.

Jirgi ya ragu, yatsanka bai ragu ba

A ce ma ka samu ƙarfe irin na jirgin gaske, ka yi shingen da shi a daidai awonsa. Zai yi ƙarfi? Nan ne lissafin yake da daɗi.

Idan ka rage tsawon abu sau 200 ta kowace fuska, faɗin yankinsa yana raguwa sau 200 sau 200, wato 40,000. Nauyinsa kuwa yana raguwa sau 200 sau 200 sau 200, wato miliyan 8. Jirgi mai nauyin tan 8,000 zai koma kilo 1. Galileo ne ya fayyace wannan a littafinsa da aka buga a 1638: nauyi da ƙarfi ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa idan girma ya canza. Shi ya sa giwa take bukatar ƙafafu kamar turmi, tururuwa kuwa da ƙafafu kamar gashi take ɗaukar ƙwayar hatsin da ta fi ta nauyi.

Wannan albishir ne ga mai jirgin kwali ta fuska ɗaya. Tunda nauyi ya fi ƙarfi saurin raguwa, ƙaramin shinge ba zai taɓa lotsawa saboda nauyin kansa ba. Abin da ya sa kwali yake iya tsayawa a madadin ƙarfe ke nan, kuma shi ya sa motar kara take tsayawa a kan totuwa.

Ta ɗaya fuskar kuma matsala ce. A ce shingen gaske sai an danna shi da nauyin kilo 100 kafin ya lanƙwasa zuwa wani mataki. Ƙaraminsa, da ƙarfe iri ɗaya, zai yi irin wannan lanƙwasar da nauyin da ya ragu sau 40,000, wato giram 2.5. Takardar A4 guda ɗaya giram 5 ce. Nauyin rabin takarda ya isa. Yatsanka, da bakin rigarka, da jelar kyanwa, duk ba su ragu sau 200 ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ya kamata ka riƙe. Taurin sanda mai zagaye wajen ƙin lanƙwasawa yana bin kaurinta ninki huɗu. Idan ka rage kaurin da rabi, tsawon yana nan yadda yake, taurin ba rabi zai koma ba, zai ragu sau 2 sau 2 sau 2 sau 2, wato sau 16. Idan ka ƙara kauri kaɗan, daga milimita 0.2 zuwa 0.25, taurin ya ninka kusan sau biyu da rabi. Za mu dawo kan wannan ƙarin.

Zare da gam

Maganin da masu aikin hannu suka daɗe suna amfani da shi shi ne su bar kwali su koma zaren ɗinki, wanda kaurinsa yake kusa da abin da ake nema. Zaruruwan cikinsa dogaye ne kuma duk sun miƙe ta fuska ɗaya, don haka ba ya tsinkewa da sauƙi. Aibinsa ɗaya, ba ya tsayawa da kansa.

Zare yana da laushi ne saboda ƙananan zaruruwan da ke cikinsa suna zamewa a kan juna idan ka lanƙwasa shi. Ɗauki takardu 10 ka jera su, za ka lanƙwasa su ba wahala, domin kowacce tana zamewa a kan 'yar'uwarta. Liƙe su da gam su zama abu ɗaya, taurinsu zai ninka kusan sau 100, alhali ba ka ƙara takarda ko ɗaya ba. Abin da gam yake yi wa zare ke nan: yana shiga tsakanin zaruruwan ya hana su zamewa. Mai wanki da guga ya san wannan, shi ya sa shaddar da ta sha sitati take tsayawa ƙyam.

Yadda gam yake shiga cikin zare kuwa, irin yadda kananzir yake hawa lagwanin fitila ne. Ruwa yana bin matsattsun hanyoyi da kansa. Saboda haka gam mai kauri ba ya aiki a nan, sai an tsinka shi.

Yadda ake yi

Kayan aikin duk suna samuwa a kasuwar ƙauye: guntun katako, ƙananan ƙusoshi, takardar giraf ta darasin lissafi, zaren auduga, farin gam na kafintoci, sabuwar reza, ƙaramin burushi ko gashin kaza, da hantsaki.

Da farko ka yi firam. Haɗa katako huɗu su zama kamar tagar ɗaki, tsakiyar a buɗe, domin zaren ya kasance a iska, kada gam ya manne shi da wani abu. Liƙa takardar giraf a kan katakan huɗu.

Sai alamomi. A katakon sama da na ƙasa, sa alama kowace milimita 7.5 don sandunan tsaye. A na hagu da na dama, sa alamun sandunan kwance uku, a milimita 1.2 da 3.1 da 5 daga layin daɓe. Bar fili kamar santimita 1, ka sake wasu ukun, har ka samu jeri biyar ko shida a firam ɗaya. Ga wata dabara mai muhimmanci: duk awon ka fara shi daga wuri ɗaya, 7.5, 15, 22.5, 30. Kada ka auna kowace alama daga wadda ta gabace ta. Idan kana kuskuren milimita 0.2 a kowane awo, kafin ka kai sanda ta 60 ka kauce da milimita 12. Masu awon filaye ma haka suke gudun taruwar kuskure.

Tazarar milimita 1.9 ta yi wa ƙusa kaɗan, don haka a ɓangaren sandunan kwance ka ɗan tsaga bakin katakon da reza, zaren ya zauna cikin tsagar. Wasu suna ɗaure dogon kusurun ƙarfe mai zare-zare, irin wanda ake ɗaura wa noti, a gefen firam, domin tsagoginsa masana'anta ce ta yi su, tazararsu ɗaya ce.

Yanzu ka ja zaren kamar yadda masaƙi yake yi. Fara da na kwance, ka ja su su miƙe sosai, sannan ka ratsa na tsaye a kansu, su taɓa juna. Jan yana da amfani biyu: zaren da aka ja ba shi da zaɓi sai ya miƙe sak, kuma a yadda gam ya same shi, a haka zai daskare.

Tsinka farin gam da ruwa har ya zama kamar madara. Shafa shi a hankali a kan dukkan zaren, ka bari ya bushe, ka sake shafawa sau biyu ko uku. Shafawa kaɗan-kaɗan sau uku ta fi lafta shi sau ɗaya. Idan za ka yi fenti, yi shi tun zaren yana kan firam, kuma ka tsinka shi, domin fenti ma kauri yake ƙarawa. Da zare fari ko ruwan toka ma ba ka bukatar fentin.

Bayan ya bushe sarai, ɗora shi a kan gilashi ko tayil, ka datse jeri-jeri da reza. Dannawa za ka yi, kada ka ja. A sama ka yanke sandunan tsaye daidai da sandar kwance ta ƙarshe. A ƙasa kuma, kowace sanda ta huɗu ko ta biyar ka bar mata ƙarin ƙafa kamar milimita 2. Huda daɓen jirgin da allura, ka soka ƙafar a ramin da ɗigon gam. Idan ka lura, dabarar motar kara ce sak: soka siriri cikin mai taushi ya fi liƙa shi a fuska. Inda bakin jirgi ya lanƙwasa, naɗa shingen a jikin biro ko kwalba tukuna ya ɗauki siffar, kada ka tilasta masa a kan jirgin.

Inda ɗigon ruwa yake zama dutse

Wajen shafa gam za ka ga abubuwa biyu masu ban haushi. Gam zai rufe ƙananan tagogin kamar fatar ganga, kuma zai taru ƙwaya-ƙwaya a jikin zare kamar carbi.

Fuskar ruwa tana jan kanta kamar roba. A bokiti ba ka lura da wannan, saboda nauyin ruwan ya rinjaye shi. Amma a ƙasa da kusan milimita 2.7, jan fuskar ruwa ne yake rinjayar nauyi. Tagogin shingenka milimita 1 zuwa 2 ne, sun faɗa cikin wannan duniyar. A can, ruwa ba ya zuba, maƙalewa yake yi. Ƙwayoyin da suke jeruwa a zare kuma su ne irin waɗanda kake gani a yanar gizo-gizo da safe idan raɓa ta sauka: siririn ruwa a jikin zare ba ya zama shimfiɗe, tsinkewa yake yi ya dunƙule.

Maganin mai sauƙi ne. Hura iska da baki ta fasa fatar da ta rufe taga, sannan ka bi da busasshen burushi ko gefen takarda mai tsotse ruwa ka kwashe rarar. Kuma wannan jan da yake ba ka wahala shi ne yake yi maka aikin da hannu ba zai iya ba: yana tara gam a daidai inda zare biyu suka gitta, ya liƙe mahaɗa 400 ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba.

Hunturu da damina

Farin gam yana bushewa ne idan ruwan da ke cikinsa ya tashi. A watan Janairu, lokacin da iskar hunturu take busar da leɓe, yana iya kamewa a bakin burushi kafin ka gama layi ɗaya, sai ka ƙara masa ruwa, kuma ka rufe firam ɗin saboda ƙura. A watan Agusta kuwa, musamman a Doguwa da Tudun Wada inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, sai ka bar shi ya kwana.

Gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake ce wa sufa gulu akasin haka yake. Shi danshi ne yake sa shi daskarewa, don haka ya fi sauri da damina, ya yi nawa da hunturu. Yana sa zare tauri fiye da farin gam, amma taurin mai karyewa ne. A yi hattara da shi: idan ya zuba da yawa a kan auduga yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata, tururinsa kuma yana yaji a ido. Ba na yara ba ne.

Kwalin jirgin ma yana numfashi. Yana kumbura da danshi, ya tsuke da bushewa, kuma ya fi yin haka ta fuskar da ta gitta zaruruwansa. A ce daɓe mai santimita 50 ya tsuke da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, milimita 2.5 ke nan, rabin tsayin shingen. Shingen da aka liƙa da damina sai ya yi tozo da hunturu. Don haka ka yanka daɓen yadda zaruruwan kwalin za su bi tsawon jirgi, kuma ka liƙa shingen guntu-guntu, kada ka yi shi dogo ɗaya.

Waya da kuza

Wanda yake son shinge mafi ƙarfi zai iya amfani da waya. Fere tsohuwar wayar caja ko ta rediyo, za ka tarar da siraran silin jan ƙarfe a ciki, da yawansu kaurinsu yana tsakanin milimita 0.1 da 0.2. Kama bakin sili biyu da filaya ka ja a hankali har ka ji ya ɗan saki. Zai miƙe sak, ya kuma ƙara tauri, domin jan ƙarfe yana taurara idan aka tilasta masa canza siffa. Ana jera shi a firam iri ɗaya, a liƙe mahaɗar da dalmar masu gyaran rediyo. Wannan dalma galibi gauraye ce ta kuza da darma, wajen kashi 60 kuza, kuma tana narkewa a kusan digiri 190. Kuza dai shi ne ma'adinin da aka san Riruwai ta Doguwa da shi. Darma guba ce, a wanke hannu bayan aiki, kada a sa a baki.

A Turai da Asiya ana sayar da shinge shiryayye, wanda aka zana a fallen tagulla aka bar sinadari ya cinye inda ba a so, ko aka yanka da hasken leza. Yana da kyau, amma da kuɗin waje ake sayen sa, kuma ba ya koya wa mai shi komai game da dalilin da ya sa yake tsaye.

Abin da ido yake kamawa

Mu koma kan ƙarin kaurin nan. Zaren milimita 0.25 a ma'aunin 1:200 daidai yake da bututun santimita 5, ya ɗan fi na gaske. Shin za a gane?

Lafiyayyen ido yana rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta kai kashi 1 cikin 60 na digiri. A nisan santimita 30 wannan kusan milimita 0.09 ne, a nisan mita 1 kuma kusan milimita 0.3. Wanda ya tsaya a gaban tebur ba zai ga bambancin 0.2 da 0.25 ba. Amma ido ya fi haka kaifi sau da yawa wajen gane layin da ya kauce wa ɗan'uwansa. Sanda ɗaya da ta karkace cikin ɗari, ita za a fara gani. Saboda haka kada ka wahalar da kanka wajen neman zare mafi siriri. Sa ƙoƙarinka a firam da alamomi. Daidaito ya fi siranta.

Me ya sa wannan ya wuce wasa

Yin ƙaramin jirgi tsohon aiki ne. A 1920 an gano ƙananan jiragen katako da matuƙansu a kabarin Meketre kusa da Luxor a Masar, waɗanda suka kai kusan shekara 4,000. Daga baya aikin ya zama kayan bincike. A 1872 William Froude ya fara jan ƙananan jirage a wani dogon tankin ruwa a Torquay ta Ingila, don a san irin turjiyar da ruwa zai yi wa babban jirgi tun kafin a ƙera shi. Babban abin da ya gano shi ne ba a rage gudu da adadin da aka rage tsawo: idan an rage tsawo sau 100, gudu sau 10 ake rage shi. Har gobe ana gwada jiragen ruwa da madatsun ruwa da gadoji a ƙananan samfura, kuma tambayar da injiniya yake yi ita ce wadda shingen zare ya tilasta maka yi: da na rage girman, me ya ragu tare da shi, me kuma ya ƙi raguwa?

Makarantun karkara da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, kuma ana yawan ɗaukar hakan a matsayin dalilin da zai sa kimiyya ta tsaya a allo. Firam ɗaya da zare da gam sun ƙunshi rabo da ninki, da awo da kuskurensa, da taurin kaya, da jan fuskar ruwa, da tasirin danshi. Yaron da ya iya motar kara ya riga ya san rabin wannan a hannunsa, sunayen da lissafin ne kawai ba a ba shi ba. Idan aka ce masa wasan banza yake yi, an raba shi da abin da ya fi kusa da aikin injiniya a duk rayuwarsa ta makaranta.

Idan kai malami ne ko uba, ga inda za ka fara. Kada ka soma da 1:200. Ɗauki 1:50, inda tsayin shinge yake santimita 2, tazarar sandunan tsaye santimita 3, kuma tsinken tsintsiya ko ɓawon kara zai yi aikin. Gangar jirgin a yi ta da kwalin sukari ko na magani. Mai son jirgin gida kuma yana da kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin Fune na jihar Yobe ta yanzu. Ya kai kusan shekara 8,000, tsawonsa kusan mita 8.4, wato santimita 42 a ma'aunin 1:20. Bayan yaro ya gama na 1:50, ka ce ya sake yin shingen a 1:100, sannan a 1:200, ya rubuta a wane mataki tsinken tsintsiya ya daina yi, a wane mataki gam ya fara rufe tagogi. Abin da zai rubuta a wannan takarda sakamakon bincike ne, kuma nasa ne.